IGIYAR DA TA GAZA KAMU UKU

Shafi na 19

Ku da kuka yi wa Madam Beatrice rubdugu a ƙasan shafin jiya, ku ɗan sassauta mata, ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata har ta biyo ni ta bayan fage, wai in ban wanke Selina ba ta daina karantawa. 'Yar'uwa, ni ba mai wanki ba ce, labari nake bayarwa. Gyara zama.

*

Tun ƙarfe bakwai na safiyar Litinin Malam Luke, malamin wasanni, ya shige siton kayan wasa ya turo ƙofa. Ba wani abu ya zo ɗauka ba. Zama ya yi a kan akwatin ƙwallaye, ya ɗora igiyar awon fili a cinya yana jujjuya ta, gumi na bin bayansa alhali rana ba ta gama fitowa ba.

Ƙarfe tara za a zauna a ofis a kan Selina Dogara.

Selina 'yar aji biyar ce, ita ce barewar makarantar a wannan shekara ta 1974. Sati uku da suka wuce ta zagaye filinsu cikin sakan hamsin da takwas, aka gayyace ta gasar jiha. Ranar Asabar a Kaduna sai ga sakan sittin da biyu. Ta zo ta shida, tana tsallake layi ta durƙusa ta yi ta kwara amai a gaban jama'a. Madam Beatrice, malamar ɗinki da ta raka 'yan mata, ta dubi aman, ta dubi agogo, ta yanke hukunci: ciki ne. Da jirgi ya sauke su a tashar Kafanchan, maganar ta riga jakunkunansu isa gida.

A tarago ɗaya Luke ya zauna da su tun daga Kaduna. Yana ji Madam na titsiye yarinyar, waye shi, wata nawa, ya juya fuska ga taga ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Wanda bai san makarantar Baba Alexander ba, ba zai gane nauyin igiyar nan ba. A 1957 tsohon ya bar aikin duba layin dogo ya buɗe makarantarsa ta jeka-ka-dawo, da yara goma sha huɗu a cikin tsohon siton citta, don ya shirya 'ya'yan manoma shiga manyan kwalejoji. Bai da ɗakin kimiyya, bai da motar makaranta, amma yana da fili, yana kuma da igiya mai tsawon yadi ashirin da biyu cif, wadda wani injiniyan layin dogo ya auna masa da sarƙar awo. Kowace shekara kafin wasanni ana yin Ranar Igiya. Baba zai tsaya gaban yara ya yi addu'a yana bin igiyar da hannunsa daga kai zuwa kai, sannan a shimfiɗa ta sau ashirin a zagaye, a bi sawun da baƙin man inji da ake roƙowa daga loko, inda ake gyaran kan jirgin ƙasa. Hanyar gudu ke nan, yadi ɗari huɗu da arba'in.

A 1963 Luke yana aji biyar, shi ne mai riƙe da mabuɗin sito. Ya manta igiyar a ƙasa duk damina. Da ya zo ɗauka ana jibi Ranar Igiya, sai ya tarar gara ta cinye wani wuri a cikinta. Tsoron Baba ya kama shi. Ya sa wuƙa ya yanke rubabben wurin, kamu uku, ya tufke bakin biyu yadda kakansa ya koya masa, ya shafe da baƙin mai. Ido ba ya gani, sai hannu.

A shekarar ya yi gudun da har yau ake labari, sakan arba'in da tara. Sai da aka kira shi Kaduna ya zauna ya yi lissafi, kamu uku sau ashirin, ya gane filin da ya gudu a kai bai cika ba. Washegari ya ɗaure gwiwa da bandeji ya ce ta goce. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗan ɗingishi, musamman idan ya tuna ana kallonsa, mutanen gari kuwa suna ta tausaya masa: da ba don ƙafar nan ba, da yaron nan ya je ƙasar Turai.

Tun daga nan yaran makarantar ke karya tarihi a gida su je waje su sha kashi. Wata shekara aka ce gajiyar jirgi ce. Wata aka ce ruwan Kaduna bai karɓi cikinsu ba. Akwai shekarar da aka rantse 'yan wata makaranta sun binne laya a bakin layi, har aka yi azumin kwana uku. Samari ne, kowa ya samo musu uzuri. Yau da abin ya faɗo kan 'ya mace, dalili ɗaya tak aka samo mata.

Ya mayar da igiyar ƙugiyarta ya fito.

A gindin mangwaron bakin ƙofar makaranta Goggo Fatima ta sauke ƙwaryar nononta. Rugarsu na bayan fili, ita ke dama wa 'yan gudu fura in sun gama atisaye. Tana hango shi ta ɗaga ludayi.

"Malam, zo. Gaskiya ne abin da nake ji a kan Salina?"

"Goggo, ina kwana."

"Bar gaisuwa. Yarinyan nan kullum da sassafe ina ganin shi yana gudu ta bayan ruga har rafi. Ni na haifi tara, Malam. Mai ciki ba ya gudu haka."

"Na sani, Goggo."

"To ka faɗa musu mana. Kai ne malaminsa."

"Abin ya fi ƙarfina."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da damunta.

"A'a. Ya dai fi ƙarfin bakinka."

Ya wuce, yana jin idonta a ƙeyarsa har ya hau barandar ofis.

*

Baba Alexander na zaune bayan teburinsa da farar riga da lakataye, kamar kullum. A bango bayansa allon daraja ne na makaranta, sunan farko da ruwan zinariya: LUKE ZAMANI, 1963, sakan 49. Madam Beatrice ta harɗe hannu a gefe. Mahaifin Selina, Dogara, manomin citta kuma dattijon ikilisiya, tun da asuba ya taso a keke daga Fadan Kagoma, ƙafar wandonsa ɗaya har yanzu a ɗaure da roba. Selina na durƙushe a siminti, idonta ya kumbura.

Aka yi addu'a. Madam ta maimaita abin da ta gani.

"Ni ba ƙin yarinyar nake ba, Sa. Shekara sha biyu ina kula da 'yan mata. Amai ga shi, nauyin jiki ga shi. Agogo ba ya ƙarya."

Selina ta ɗago kai.

"Sa, a kai ni asibiti. Yanzu-yanzu. A gwada ni a gani."

"Rufe mini baki!" Dogara ya daka mata tsawa. "Asibiti? Ka je ka zauna a benci da mata masu awon ciki, duk Kafanchan ya ga ɗiyan dattijo a wurin? Ko an ce babu, wa zai yarda? Da wane baki zan tsaya ran Lahadi in karanta Littafi?"

"Baba, ban yi komai ba. Yesu shaida na ne."

"Kada ka sa sunan Ubangiji a wannan magana!"

Ya juya wajen mai makaranta.

"Baba, ba sai kun kore shi ba. Ni zan ɗauke kayana. Yau zai bi ni gida, gona yana nan. Ran Lahadi in kai wa Fasto maganan da kaina, a sa shi a horo, ya koma bencin baya. Gara in kunyata kaina da wani ya kunyata ni."

Saura wata biyu Selina ta zauna jarrabawar fita. Kowa a ɗakin ya san in ta hau bayan keken nan, ta yi sallama da alƙalami.

Baba Alexander ya cire tabarau ya goge.

"Kada mu yi gaggawa. Luke, ɗana, kai ne masanin gudu a cikinmu. Yarinya lafiyayya, ba ciwo ba komai, za ta iya zubar da sakan huɗu cikin sati uku?"

Idanun mutum huɗu suka dawo kansa. Na Selina ne ya fi ƙona shi, domin cike yake da sa rai.

Luke ya dubi allo. Ya dubi sunansa.

"Da wuya, Baba," ya ce.

Wallahi ko ni mai rubutu sai da na ji kunyar rubuta wannan amsa.

Selina ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi, ta sunkuyar da kai. Madam ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda gaskiyarsa ta fito. Baba ya jawo takarda, ya buɗe alƙalami, ya fara rubuta takardar sallama. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar bakin alƙalami a kan takarda.

Ya rubuta kwanan wata. Ya rubuta sunanta.

Luke ya miƙe zumbur, kujerarsa ta faɗi.

"Ina za ka?" in ji Baba.

Ya fice, ya dira daga baranda, ya yanki fili a guje zuwa sito. Ta taga suna kallonsa. Dogon taku, gwiwa na tashi sama, ba ɗingishi ko na sisin kwabo.

"Ikon Allah," in ji Madam Beatrice. "Ƙafar Mista Luke ta warke?"

Ya dawo yana haki, ya zube igiyar a kan teburin Baba, a kan takardar da ake rubutawa. Baƙin mai ya ɓata ta.

"Luke! Ka haukace ne?"

"Baba, ƙarya na yi yanzu. Selina ba ta zubar da sakan ko ɗaya ba. Gudun da ta yi a Kaduna shi ne gudunta. Na nan ne ba gaskiya ba."

"Me kake nufi?"

"Filinmu bai cika ba. Igiyar gajeriya ce."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Igiyar da injiniya ya auna da sarƙa? Wadda nake bi da hannuna kowace shekara?"

"Ni na yanke ta, Baba."

Ya faɗi komai. Gara, wuƙa, tufka, baƙin mai. Ya faɗi bandejin da ya ɗaura a lafiyayyar gwiwa. Yana magana yana kallon siminti, domin ba fuskar da zai iya kalla a ɗakin. Da ya zo kan amai sai ya ɗan ɗago wajen Madam.

"Duk wanda ya yi gudun zagaye ɗaya da gaske, yana iya yin amai. Maza ma suna yi. Na san haka tun a filin, Madam. Na san haka a jirgi. Ban ce komai ba."

Dogara ya miƙa hannu ya jawo igiyar. Mutum ne da ya tufka igiyar rama tun yana yaro. Ya rufe ido yana bin ta da yatsu, a hankali, a hankali, sai ya tsaya cak.

"Ga shi nan," ya ce. "An haɗa shi a nan."

"Tufka ba awo ba ce," in ji Baba. "Gyara aka yi, ai ba lallai ta ragu ba."

Madam Beatrice ta tashi ta fita. Sai ga ta da sandar awon yadi ta ɗakin ɗinki.

A baranda aka shimfiɗa igiyar. Dogara ya take kai ɗaya da ƙafa, Luke ya ja ɗaya kan. Madam ta durƙusa da zaninta mai tsada tana kifa sanda tana ƙirgawa da ƙarfi. Tagogin azuzuwa duk sun cika da kawuna, ba wanda ya san me ake yi.

"Sha takwas. Sha tara. Ashirin."

Ta kifa sandar sau ɗaya kuma. Igiyar ta ƙare a tsakiyarta.

"Ashirin da rabi."

Ta tsaya a durƙushe, ba ta tashi ba. Malamar ɗinki ce, lissafin yadi ba ya ba ta wuya.

"Yadi talatin," ta ce a hankali. "Kowane zagaye an rage yadi talatin."

Ta juyo ta dubi Selina. Sai ta sa gefen ɗankwalinta ta rufe fuska.

Suka koma ciki. Baba da kansa ya rufe ƙofa ya sa sakata.

Selina ce ta fara magana, ba ta koma durƙuso ba.

"Sa."

Luke ya kasa ɗagowa.

"Sa, ranar da ka nuna mini agogo ka ce hamsin da takwas, ka rungume ni kana tsalle. Ka sani?"

"Na sani."

"Da ka ce mini ba wadda za ta kama ni a Kaduna?"

"Na sani."

"Baba na ya sayar da akuya ya saya mini takalmin gudu. Mama na ta tara 'yan zumunta suka yi mini addu'a a tasha. Ka san haka, ka sa ni a jirgi?"

"Selina, na yi zaton ko za ki..."

"Da suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, Sa, na zata jikina ne ya lalace. Na yi ta tambayar Allah me na yi. Da Madam ta ce ciki ne, ni da ban san namiji ba, sai da na taɓa cikina."

Nan hawayen Luke suka zubo. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma simintin Baba Alexander mai ƙwari ne.

Dogara ya matsa kusa da 'yarsa. Ya ɗaga hannu kamar zai dafa kanta, ya kasa, ya mayar da hannun aljihu.

"Mama na," ya ce da ita, sunan da yake kiranta tun tana goye. "Na yi maka laifi."

Ba ta dube shi ba.

Baba Alexander ya yi gyaran murya. Ya yayyaga takardar sallamar ya jefa a kwando.

"To, mun gode wa Ubangiji, gaskiya ta fito. Selina, koma aji. Ba wanda zai kore ki. Amma ku saurare ni da kyau. Abin da aka auna a barandar nan ya tsaya a barandar nan. Zan sa a sayo sabuwar igiya a hutu, a gyara fili, ba wanda zai sani. Yarinya kuma za mu ce zazzaɓi ne ya kama ta a Kaduna."

Zuciyar Luke ta yi wani tsalle na murna, kuma murnar ta fi komai ba shi kunya. Ga ƙofa an buɗe masa, sunansa zai zauna a allo.

"Zazzaɓi, Sa?" in ji Selina.

"Zazzaɓi."

"Emilia ta aji huɗu, bara da aka mayar da ita ƙauye, me aka ce mana a taro? Zazzaɓi. Duk yarinyar da ta yi ciki a garin nan zazzaɓi ake cewa. In ka ce zazzaɓi, Sa, ka sa hannu ke nan. Za su ce an zubar ne."

"Ke! Da wa kike magana haka?" in ji Baba Alexander.

"A gaban mutane aka ɓata ni, Sa. Jiya a coci ba wadda ta zauna kusa da ni. A gaban mutane za a gyara."

Baba ya bugi tebur.

"Kin san abin da kike nema? Shekara goma sha bakwai na gina sunan makarantar nan! Ba mu da ginin mishan, ba mu da kuɗin gwamnati, allon nan ne ya sa iyaye ke kawo mana yara. Duk sunan da ke kansa tun 1963, akwai soja, akwai likita, akwai wanda ya rasu. In kankare su duka saboda maganar mata a bakin coci? Wata tara ba za ta yi ba kowa zai ga ba ki da komai!"

"Wata tara," in ji Dogara a hankali. "Yarinya na ya yi wata tara ana kallon cikinsa."



A kan taga ƙararrawar taro take ajiye, ta tagulla mai mariƙin katako. Luke bai san lokacin da hannunsa ya kai kanta ba. Ya naɗe igiyar a kafaɗa, ya zare sakata.

"Luke, ajiye ƙararrawar nan."

Ya fita baranda ya kaɗa. Ya kaɗa kamar gobara ta tashi.

Yara ɗari uku suka ɓarke daga azuzuwa. Da suka hango igiya a kafaɗarsa sai suka ɗauka za a sake awon fili ne, a sha hutun darasi, suka kaure da shewa da tafi suna jeruwa gaban dandamali.

Yana sa ƙafa a matakin farko aka damƙi wuyan hannunsa. Baba ne. Tsohon ya biyo shi da sauri har lakatayensa ya karkace. Ya matso da bakinsa kusa da kunnen Luke.

"Tsaya, ɗana. Ka ji wannan tukuna."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Tufkar nan, tun ranar farko hannuna ya ji ta. Ranar Igiya ta 1963, ina tsakiyar addu'a."

Luke ya juyo ya zura masa ido.

"Na auna ta a ɗakina da yammar ranar. Na ce bari wasanni su wuce in gyara. Sai ka yi arba'in da tara, sunanmu ya shiga rediyo, yara sittin suka zo neman shiga a wata ɗaya. Na kasa." Ya ƙara damƙe hannun Luke. "Na san gwiwarka lafiya lau take. Shi ya sa na ɗauke ka aiki, don mabuɗin sito ya zauna a hannun wanda ba zai yi magana ba. In ka hau nan, ba kai kaɗai za ka faɗi ba. A hannuna aka yi maka baftisma, Luke. Ka rufa mini asiri."

Mutumin da Luke ya yi shekara goma sha ɗaya yana jin kunyar haɗa ido da shi, ga shi yau yana roƙonsa da ido jajur.

A gefen dandamali Selina na tsaye kusa da mahaifinta. 'Yan ajinsu mata sun ja baya sun bar mata fili kamar mai ƙyanda, wasu na rufe baki suna raɗa.

Luke ya zame hannunsa ya hau.

Shewar ta lafa. Ya sauke igiyar ya ɗaga ta sama, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Ku saurara. Abin da aka faɗa a kan Selina Dogara ƙarya ne. Ba ta da ciki, ba ta da zazzaɓi, ba ta yi laifin komai ba. Ta zo ta shida a duk jiha da gudunta na gaskiya, ba wanda ya taɓa kai haka a makarantar nan, har ni."

Ya ƙara ɗaga igiyar.

"Igiyar nan ba ta cika ba. Ni na yanke ta ina aji biyar, na ɓoye. Filinmu ya gaza yadi talatin. Arba'in da tara da kuke gani a allo, ban taɓa yin sa ba. Ƙafata kuma ba abin da ya taɓa samun ta."

Wani yaro a layin gaba, wanda ke kwaikwayon ɗingishin Malam don ƙauna, ya saki baki yana kallon gwiwarsa. Can cikin 'yan aji biyar wata yarinya ta tako a hankali ta zo ta tsaya kusa da Selina, ta kama hannunta. Sai a lokacin Selina ta fashe da kuka.

Luke ya juya zai sauka, ya ɗauka ya gama shan abin da zai sha.

"Malam, dakata."

Dogara ne. Ya fito tsakiyar fili, ya cire hularsa, yana magana da muryar da yake karanta Littafi ran Lahadi, wadda na bencin ƙarshe ke ji.

"Ka yi abin da ya kamata, Allah ya gafarta maka. Amma ni manomi ne. Ido na a rufe na bi igiyan nan sau ɗaya, hannu na ya gaya mini. An ce akwai wanda yake bin shi da hannu kowane shekara, yana addu'a."

Kawuna ɗari uku suka juya wajen matakala, inda Baba Alexander yake tsaye ya dafa bango.

"Ka faɗa mana a gaban yaran nan, da gaban Ubangiji da ka fara jin tsoronsa yau. Shekara goma sha ɗayan nan, kai kaɗai ne ka sani?"